Mama Ta Aike Ni In Duba Mata Ɗanta

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina aji uku na ƙaramar sakandare a Kano. Yarinya ce ni marar magana, baƙi su shigo gidanmu su fita ba su ji muryata ba, amma idona ba ya barin komai ya wuce. Da muka sauka a Libreville, birnin da Yayana yake karatu, ni da Mama da Baba, abin da na fara gani shi ne agogon Yayana. Ya ɗaga hannu yana yi mana alama, sai agogon ya zame ya gangaro kusan gwiwar hannunsa. Na san agogon nan. Na Baba ne, kuma ranar da Yaya zai tafi karatu shekara biyu baya, da ƙyar ya ɗauru a hannunsa.

Yaya shi ne ɗan fari, don haka Mama ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama hira da shi. Yaron nan take ce masa. Da ya durƙusa ya gaishe ta, jakarta take kallo tana amsawa. Sai a cikin tasi ta matso ta raɗa mini cewa ni ce idonta a wannan tafiya, in duba mata shi da kyau, in ji ko yana cin abinci, in faɗa mata duk abin da na gani.

Ɗakinsa yana unguwar Okala, ƙarami ne, bangon ya yi kore saboda danshi, ga ruwan sama kusan kullum. Mama daga bakin ƙofa ta tsaya tana kwance tsaraba, kuka da daddawa da yaji da kilishi, ni kuma na shiga shara. A ƙarƙashin gado na tarar da kwalaben maganin tari guda tara, duk babu komai a ciki, rubutunsu da Faransanci. A bokitin bayan ƙofa an jiƙa hankici, ruwan ya yi jaja-jaja. Da Mama ta tuƙa tuwo, na ga yana juya loma a cikin miya yana ajiyewa. Baba kuwa yawancin kwanakin yana garin Ntoum wajen 'yan garinmu masu shaguna, kuma da ya ga ramar cewa ya yi karatu haka yake, ba ya barin nama a jikin mutum.

Ranar da Yaya ya kai ni tashar Port Môle kallon jiragen ruwa, sau biyu yana zama a hanya, wai don 'yar ƙauye ta more kallo. Na lura numfashi yake mayarwa. Can na daure na tambaye shi maganar kwalaben da hankicin. Ya yi dariya, ya ce ashe 'yar sanda aka kawo masa daga gida. Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya sassauta murya ya ce saura mako shida jarrabawa, idan Baba ya ji, jirgi ɗaya za mu koma da shi, wahalar shekara biyu ta tafi a banza. Ya rantse yana gama jarrabawa zai ga likita. Ya ce ƙanwata, ki rufa mini asiri. Ban taɓa jin ya roƙi wani abu a wurina ba. Na yi masa alkawari.

Ranar da za mu taho, muna haɗa kaya, Mama ta tambaye ni yadda na gan shi. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta ci gaba da ninke zani, sannan ta sake tambaya ko na duba da kyau. Na ce na duba.

Mako biyar da dawowarmu, wani mai shago maƙwabcin Yaya ya kira Baba. Yaya ya faɗi a bakin titi yana aman jini. Tarin fuka ne, ya daɗe yana cinsa. Allah ya yi da sauran kwana, amma likitoci sun ce huhunsa ɗaya ba zai koma yadda yake ba. Jarrabawar da na yi ƙarya dominta ma bai zauna ba.

Na kasa riƙewa, na faɗa wa Mama komai, ina jiran duka. Ba ta taɓa ni ba. Ta ce ai ita ma ta gani. Duk sanda ya juya baya tana kallon wuyansa, kuma tana jin tarin ta bango. Amma ba za ta iya buɗe baki a gaban Baba ta yi maganar ɗan fari da kanta ba. Jira take in faɗa, don ta samu bakin cewa yarinya ta ce. Abin da ya sa ta tambaye ni sau biyu ke nan.

Har yau maganar nan tana ci na. Na koyi cewa alkawarin da zai bar mutum da ciwo ba amana ba ne, kuma mai karatu a nesa ya fi kowa iya ɓoye halin da yake ciki. 'Yan uwana, idan kun je ziyara, kada ku tsaya a gaisuwa da hoto. Ku leƙa ƙarƙashin gado, ku kalli kwanon abinci, abin da kuka gani ku faɗa ko da zai yi fushi.

Ranar da aka dawo da Yaya gida, yana kwance a ɗaki, Mama ta miƙo mini kofin kunu ta ce in kai wa yaron nan, in dubo mata jikinsa. Ban karɓa ba. Na riƙe hannunta na ce don Allah Mama, yau ki shiga ki kalle shi da idonki.