Zanen da Baba Ƙwanƙwasa Ya Rataya a Ɗakin Jira

Shekara goma sha ɗaya ina shara a asibitin nan, kuma a nan na tarar da Baba Ƙwanƙwasa. Shi ne mai gyare-gyarenmu. Ƙofar da ta ƙi rufuwa, kujerar da ta gurgunce, agogon da za a maƙala, duk shi ake kira. Halinsa ne ya ja masa sunan. Ba ya buga ƙusa sai ya bi bango da bayan yatsa yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da fenti kamar mai satar jin hirar maƙwabta. In ya ɗaura ƙarfe kuwa, sai ya kama ya saki nauyinsa a kai tukuna ya rataya kayan mutane. Abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya, bai taɓa rataya abu ya faɗo ba. A lokacin da nake ba da labari, wata takwas ya rage masa ya yi ritaya ya fara cin fansho.

A ɗakin jira akwai wani bango da na fi kowa saninsa, don ni ke goge gindinsa. Bututun ban-ɗakin sama ya bi ta cikinsa, kuma ya tsage. Fentin ya kumbura ya yi baƙi, wani ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa, in rana ta take sai wari ya cika ɗakin har masu ciki su riƙa toshe hanci. Na kai ƙara har bakina ya gaji. Amsar manaja ba ta canzawa: in ƙara maganin ƙamshi a bokiti.

Sai aka ce masu duba asibitoci za su zo. Washegari ga mota ta sauke wani ƙaton zane na kogi da itatuwa, faɗinsa ya kai ƙofa in an kwantar da ita, firam ɗin katako mai kauri, ga gilashi. Ƙarti uku suka shigo da shi suna nishi. Manaja ya nuna ƙazamin bangon nan.

"Baba, nan za ka sa shi. Ya rufe wurin gaba ɗaya."

Baba ya ƙwanƙwasa sau biyu, filasta ta zubo masa a takalmi.

"Yallaɓai, bangon nan ya ruɓe. Mai gyaran famfo yake buƙata, ba zane ba."

"Wata nawa ma ya rage maka?" in ji manaja, yana latsa wayarsa. "In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini yau. Ba na ajiye wanda ba ya iya aiki, ko saura kwana ɗaya ne."

Ina tsaye da tsumma a hannu, jira nake Baba ya ajiye masa guduma ya fita. Bai fita ba. Ya je ya ɗauko tsani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ya zuba basira a aikin. Ya san ƙusa ba za ta kama ba, don haka ya huda bangon har ya ɓulla ɗakin ajiya da ke baya. Da ya zaro bakin injin huda bangon, wani jiƙaƙƙen abu ruwan ƙasa ya biyo shi, kyankyasai suka fito a guje ta ramin. Na janye bokitina na ja da baya. Shi kuwa ya goge hannu a wando ya ci gaba. Ya zura dogayen ƙarafa biyu, ya ɗaure su da noti a jikin wani katako ta baya, ya gitta ƙarfe ta gaba, ya ɗora ma'auni har ya daidaita. Ya kama ƙarfen ya yi lilo da ƙafafunsa a sama, ko gezau. Har 'yan guntayen katako ya sa a bayan firam ɗin don kada laima ta taɓa shi.

Masu dubawa suka zo, suka yaba da zanen, suka tafi. Ni na ci gaba da goge abin da ke gangarowa ta ƙarƙashin kogin nan mai ruwa garai-garai. Na yi mako biyu ban gaida Baba ba, kuma bai tambaye ni dalili ba.

Ranar da ya yi ritaya aka tara mu a ɗakin jiran. Manaja ya nuna zanen, ya ce kowa ya yi koyi da wannan dattijo, ga aikinsa nan ko karkacewa bai yi ba. Aka tafa. Ni ban tafa ba.

Da aka watse ya same ni ina matse tsumma. Ya daɗe yana kallon zanen, fuskarsa a yamutse.

"Mai tsintsiya, har yanzu yana zuba?"

"Ya ma ƙaru, Baba."

Ya gyara jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Da na yi musu aikin banza, da tuni ya faɗo sun gyara bututun," ya ce. "Wannan kuwa sai ya shekara ashirin a nan."