Sojojin Dalma na Malam Gideon

Malam Gideon mutumin Fankshin ne, amma ya daɗe a Gyadi-Gyadi har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Tarihi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Ba taba, ba kallon ƙwallo. Cutarsa ɗaya ce: sojojin dalma 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ya gada cikin gwangwanin biskit daga wani tsohon malamin mishan.

Da bindigogi suka zo. Shi kuwa yaƙin Rumawa da Farisawa yake so, na zamanin da babu harsashi. Sai ya goge bindigar da magagari, ya yanke kai mai hular kwano ya liƙa wani, ya huda hannu ya soka allura ta zama mashi, maɓallin riga ya zama garkuwa. Sannan fenti, da burushi siriri kamar gashin ido. Ranar Asabar abokinsa Yahaya, nas a asibitin koyarwa, yakan zo daga Tarauni su jera runduna a tebur, su jefa ɗan lido, su yi ta musu.

Rannan da la'asar maƙwabciyarsa Hajiya Kulu ta leƙo ta taga. Ta ga 'yan mutum-mutumi a jere ba kawuna, kawunan a faranti, ga allurai. 'Yarta Mufida kuwa ta kwana biyu tana fama da ciwon kai.

Kafin ya wanke burushi ƙofa ta cika, ana cewa tsafi yake yi. Samarin layi sun tsaya, babu mai fara'a. Mai gidan hayar, Alhaji Isyaku, ya ce, "Malam Gideon, fito da su."

Matarsa Kande ta riƙe masa gefen riga. Ya san kalma ɗaya daga bakin Alhaji, kayansu na titi, da tsufansu. Ya fito da sojojin a kan tire.

"Wannan mai jan fentin, kan wa ka cire?" in ji Hajiya Kulu.

"Hajiya, Bafarishe ne. Ya mutu tun ba a haifi kakan kakanki ba."

Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Wani saurayi ya matso.

Sai ga Yahaya ya kutso, jakarsa a kafaɗa. Ya zaro nasa ɗan mahayin doki daga aljihu. "Alhaji, wasa ne, ni ne abokin gabarsa. Duk sati yana kashe ni, ga ni da tumbina. Hajiya, Mufida gwajin jini take buƙata."

Alhaji ya juya soja ɗaya a tafin hannunsa.

"Na ji wasa ne. Amma allura a jikin mutum-mutumi, ba a gidana ba. Ko allurar ta fita, ko ku fita."

Malam Gideon ya kalli rundunarsa, aikin shekaru. Ya kalli Kande. Ya ɗauko filaya ya fara zare alluran a gaban kowa, fenti yana fashewa, wasu hannayen suna karyewa. Alhaji ya ƙulle allurai a hankici ya tafi. Samari suka watse suna tsaki.

Yana nan a ɗakinsa har yau. Rumawan nasa yanzu tsinken tsintsiya suke riƙe da shi, Yahaya yana kiransu rundunar masu shara. Hajiya Kulu kuwa tana nan tana cigiyar wanda yake zare mata tsinkaye har tsintsiyarta ta rame.