Njidda da Wuƙar Damtse

Njidda mahauci ne, daga wajen Ngaoundéré ya sauko unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé a zamanin Shugaba Ahidjo. Ni ina saurayi a lokacin, na gama makarantar mishan, ni ke yi wa unguwa tafinta in Faransanci ya taso.

Kamar mutanen garinsu, Njidda na ɗaure wuƙa a damtsen hagu, cikin kube, kowa na gani. A can ba mai waiwayarsa. A Yaoundé kuwa, duk sanda ya bi hanyar kasuwar Mokolo, sai 'yan sanda su tare shi, su rubuta "yawo da makami", su sake shi da yamma. Haka aka riƙa yi wa sauran mahautan Arewa.

Wata rana wani kwamishinan 'yan sanda ya zo zauren mai unguwa Adamu. Na fassara maganarsa daidai: laifukan da aka rubuta wa unguwarmu sun fi na wasu garuruwan Arewa sukutum. In ba su ragu ba, zai kwashe teburan nama daga bakin titi.

Bayan ya tafi, mahauta suka yarda kowa ya naɗe wuƙarsa a buhu. Njidda ya ƙi.

Mai unguwa ya ce, "Haba Njidda, buhu ne fa kawai."

"Ranka ya daɗe, a garinmu mai ɓoye wuƙa shi ake gudu. In na ɓoye ta, me na zama?"

Wani ya ce, "Rabin laifin Briqueterie kai kaɗai ne, Baffa!"

Njidda ya ce, "To a kai alƙalamin 'yan sandan nan Ngaoundéré mana. Kafin azahar an rubuta gari duka, har liman."

Aka yi dariya, amma mai unguwa bai yi ba. Don ya tsirar da teburan sauran, ya ɗauke na Njidda.

Washegari Njidda ya fito da faranti a ka, nama a rufe da ganyen ayaba, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, wuƙar a fili. Gida gida ya riƙa bi, daga Briqueterie zuwa unguwar Madagascar, har tsufa ya kama shi. An ci gaba da tare shi, an ci gaba da rubutawa. Da 'yan sanda suka gaji, mai unguwa ya aika ni in ce masa ya dawo kan teburinsa, in dai wuƙar na cikin buhu.

Ya dube ni ya ce, "Malam tafinta, fassara masa: a'a."