Saran da Na Gina da Yumɓun Inna

Sana'ata gina ciwo. Masu shirya fim su ce suna son saran adda a goshi ko ƙuna a damtse, ni kuma in zauna in gina shi da yumɓu, in tsaga bakinsa da tsinken tsintsiya, in kwaɓa filasta in zuba a kai ta bushe ta zama mazubi. Cikin mazubin ake zuba roba, a ɓamɓaro, a shafa kala, a manna wa ɗan wasa. Inna, mahaifiyata, maginiyar tukwane ce a Daddara, kuma a raminta nake ɗibar yumɓu. A wurinta duk wannan ɓarnar ƙasa ce. Takan ce ɗa guda ta samu mai hannun gini, shi kuma ya zaɓi ƙera abin da kowa ke roƙon Allah Ya tsare shi da shi.

Aikin kirki na farko da na samu a wani ƙauye ne a tsallaken iyaka, wajen Maraɗi. Sara guda ake so, guda kuma gare ni, don mazubin ya fashe wajen ɓamɓarowa. A tsakar gida na gama shi, Inna na kallo tana taɓe baki. In ya lalace, ba mai sake kirana. Na sa shi a leda, tun kafin in kai Jibiya zafi ya fara naɗe gefensa. Sai dabara ta zo mini: don goshi aka yi shi, to ya zauna a goshi. Na manna a nawa, na hau kabu-kabu.

Na manta da halin mutanen bakin iyaka, ba a wuce su da ciwo. Ko sauka ban gama yi ba aka rufe ni da sannu. Mai shayi ya jawo benci, wata mai fura ta tura a jiƙo gishiri, wani direba ya rantse man birki ne maganin sara, har ya buɗe gaban motarsa. Ina cewa roba ce, suna cewa bugun ya taɓa mini kai. Jami'in da ya saba zazzage mini jaka ranar ko kallonta bai yi ba, fifita yake mini da hularsa. Ni kuwa hannu a sama ina kare goshina, ina masifa, amma can ƙasan zuciya daɗi kamar ya kashe ni.

Kafin in kuɓuta, wani ya kai labari Daddara a waya. Sai ga Inna a bayan babur, ba takalmi, yumɓu har gwiwar hannu. Na ji sanyi, na ce ga mai ba da shaida ta iso. Ta ratsa taron ta tsaya a gabana, ta dubi saran da aka gina a gaban idonta.

"Inna, na jiya ne fa," na ce.

"Na san ƙarya ta," ta ce. "Amma ga goshinka shike."

Ta zaro ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi ta naɗe mini kai, ta ja tamau yadda take ɗaure itace. Ina ji robar tana murƙushewa, aikina da sunan da nake nema suna tafiya tare. Hannuna yana sama a lokacin, da na so da na tare ta. Na sauke shi.