Kwaɗayin Dakta Muhibbat

Duk Sabo, unguwarmu ta 'yan arewa a nan kudu, an san Dakta Muhibbat da kwaɗayi. Wai likita guda, 'yar marigayi Alhaji Sammani mai goro, amma da an haihu a unguwar nan sai ga ta da 'yar kularta ta abinci. Ni kam maganar tana ƙona min rai, don na san tushenta.

Ita ta kawo gwajin jarirai asibitin unguwa: a ɗan soki diddigen jariri, a ɗebi jini, a gano sikila tun ciwon bai tashi ba. Da farko gidan da aka samu cutar kaɗai take zuwa, ta yi wa uwa bayani, ta ba da magani. To ka san Sabo, gida manne da gida. Kafin ta fito, magana ta kai har kasuwar Bodija. Mata suka daina kawo jarirai. Wa ke so a riƙa nuna ɗansa da baki?

Sai ta canja salo. Kowane gidan haihuwa sai ta je barka, da ciwo ko babu. Ta shiga ɗakin mai jego, ta saki labule, ta fito da kula cike da abinci. Inda ake bukatar magani, a cikin kular nan yake shiga. Mata suka dawo gwaji, ita kuma sunanta ya ɓaci.

Haka ta tsufa. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a Kano, sai waya jefi-jefi. A asibiti 'yar Sabo ce, a Sabo 'yar boko. Kaɗaici ya ishe ta, wallahi, amma wa za ta gaya wa? Ta faɗa wa mutum ɗaya, aikin ya rushe.

Ranar sunan jikar Talatu mai waina, tana sa ƙafa a tsakar gida Talatu ta ɗaga murya: "Jama'a, ku ɓoye nama, ga Dakta!"

Gida ya kaure da shewa. Cikin matan har da Zulaihat, wadda shekara da shekaru maganin ɗanta Hanzala a kular nan yake zuwa. Ga shi can yana guje-guje da yara, ba wanda ya san komai. Zulaihat da Dakta suka haɗa ido. Idan Zulaihat ta kare ta, sai an tambayi dalili. Dakta ta ɗan girgiza mata kai.

Zulaihat ta yi dariya, har da tafa hannu da Talatu.

Abin ya yi wa Dakta ciwo ƙwarai, ta kuma gode wa Allah. Ta miƙa kularta ta ce, "Yaya Talatu, a cika min, ban da ƙashi."

A hanya ta juye wa makafin ƙofar masallaci shinkafar da aka cika mata. Ciwon suga ya daɗe da raba ta da ita. Ta isa gida, ba mai yi mata sannu da zuwa. Ta wanke kular, ta goge, ta jera maganin Hanzala a ciki.