Ranar da Barira ta zauna kan kular dambu

Duk wanda ya taɓa cin dambu a layinmu, bayan kasuwar kaya ta Guangyuan, ya san Barira. Mutuniyar Maraɗi ce, gajera, ga murya irin ta masu kiran fasinja a tasha. Shekara tara bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, bangon kuma ba kauri, shi ya sa na san tarihinta fiye da yadda take so. Ni Maijidda a aji huɗu na tsaya a firamare, amma kunnena ya yi digiri.

Da tsohon ciki ta zo garin nan, ita da mijinta Harouna mai sarin takalma. A asibiti ta haihu. Kwana biyu da haihuwa ma'aikaciya ta zo ta ce a faɗi sunan jaririya, za a rubuta mata takardar haihuwa. Harouna ya ce ina! Ya dai yi mata huɗuba a kunne, amma ba a kwana bakwai ba, ba a yanka rago ba, wa zai saki sunan 'yarsa ga baƙuwa? Suka koma gida, aka yi suna, aka ci nama, aka ce takarda sai an huta. Kafin a huta bizar Harouna ta ƙare, ya tafi gida sabuntawa, bai samu dawowa ba. Bizar Barira ma ta ƙare tana jiransa. Daga nan ko titin asibitin ba ta bi.

Haka 'yar tasu, Saffana, ta kai shekara goma sha shida. In tana ciniki da yaren nan sai mai shago ya waiga yana neman 'yar garin da ta yi magana. Amma ba takarda ko ɗaya mai sunanta. Haihuwa a nan ba ta mayar da ɗan baƙi ɗan ƙasa, ƙasar uwarta kuma ba ta san da ita ba. Ba makarantar kirki, ba jirgin ƙasa, balle na sama. Nakan tsokane ta in ce ta fi kowa hutu, ba gwamnatin da ta san da zamanta. Ranar da ta ce mini karatun jinya take so, ta fashe da kuka, na ajiye wannan tsokanar.

Wata ɗaliba mai karatun likita, Khadijat, ita ta fara buɗe hanya. Ta zo sayen dambu ta ji zancen, ta ce ai asibiti ba ya zubar da tarihin haihuwa, in an samo shi ofishin jakadanci zai iya duba maganar fasfo. Barira ta tambaye ta ɗalibai nawa suka san haka. Khadijat ta ce ba wanda ya taɓa tambayarsu. Sai dai ta gargaɗe ta, duk ranar da aka bi wannan hanya, dole ita Barira ta kai kanta wurin hukumar shige da fice, kuma da wuya a bar ta ta zauna.

Na ce mata, Maman Saffana, ki yi tunani. Ta ce shekara goma sha shida tana tunani, tunanin ya ishe ta.

Da walimar Sallah ta ɗalibai ta zo, ita aka ba girki. Na raka ta don in ga 'yan boko suna cin dambu da cokali. Muna shiga ta ajiye babbar kula a tsakiyar zaure, ta hau kai ta zauna. Shugabansu Abdulrasheed ya matso da faranti ya ce, "Mama, lafiya?"

Ta ce lafiya lau, amma ba mai ɗanɗanawa sai an saurare ta. Ta ba su labarin Saffana tun daga ragon suna. Ta ce sun iya karanta rubutun mutanen nan, sun san ƙofar kowane ofis, amma yaran da aka haifa a layin da suke cin abinci ba su da papiye, wato takardu, kuma ko a jikinsu. Abdulrasheed ya rage murya ya ce su da bizar karatu suke, ba sa son shiga abin da zai ja musu, ita ma gara ta rufa wa kanta asiri.

"Ɗana, ni ce ba ni da papiye, ba kai ba," in ji ta. "Ni da za a kora ban ji tsoro ba. A cikinku wa aka faɗi sunansa kafin kwana bakwai?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ta ce to kowannensu zai iya zama Saffana, sa'a kawai suka ci an haife su a gida. Ta sa Khadijat ta miƙe ta bayyana hanyar daki-daki, kowa ya rubuta a wayarsa, sannan ta sauka daga kan kular. Dambun ya huce, na kuwa faɗa musu haka ilimi yake, da sanyinsa ake ci. Ɗalibai shida suka ba da sunansu za su taimaka.

Sau uku ɗaliban suna zuwa asibitin ana ce musu meiyou, babu. Barira ta ce ta san kalmar tun kafin a yaye su, a koma. A na huɗu aka zaƙulo tsohon fayil mai sunan uwa da ranar haihuwa, gurbin sunan jaririya fari fes. Ma'aikaciya ta tambaya, Saffana ta faɗi sunanta da bakinta.

Sauran ya ɗauki watanni. Barira ta kai kanta da ƙafarta, aka ba ta wa'adin barin ƙasa. Ranar tafiya Saffana na riƙe da fasfo da hannu biyu kamar jariri. Na ce wa uwar, ba a taɓa yin ragon suna mai tsawon wutsiya irin nata ba. Ta ce in rufe mata baki, ta tura mini kular da ƙafa.

Yanzu ni ke girka wa ɗalibai, kuma da sharaɗinta. Yara huɗu na layinmu suna kan hanyar samun tasu takardar. Dambuna bai kai nata ba, amma na fi ta nauyi, ba mai iya ɗaga ni daga kan kular sai na gama magana.