Tukuicin da Na Hana Mai Jirgi

Yayana ya daɗe yana tuƙin babbar mota tsakanin Sakkwato da kudu kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke shi. Ya dawo gidanmu na Tambuwal hannunsa na dama yana rawa, magana kuma sai ya ja ta da ƙyar. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya mini har na zama malamin firamare. Wata rana bayan kaka muna zaune a zaure, ya ce abu ɗaya yake marmari: ya sake jefa fatsa a ruwa, kamar yadda yake yi da ƙuruciya a wurin kakanninmu na wajen uwa, can ƙasar Kebbe.

Ranar Asabar na goya shi a babur. Hanyar duk ramuka, ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, muna tafiya muna hutawa, sai da hantsi muka isa bakin wani tafki da ke can. Masunta uku muka tarar da jiragensu. Wani dogo mai wushirya da babbar murya ya riga sauran tarbarmu. Muka yi ciniki a kan zai ɗauke mu zuwa azahar, ya kai mu inda kifi yake.

Mun ɗan yi nisa ke nan ya ga Yaya yana fama da sa tana a ƙugiya, tanar tana zamewa. Sai ya yi dariya. Na karɓa na sa masa. Mutumin ya tsayar da mu kusa da gaɓa, wurin da shanu ke shan ruwa, duk taɓo. Yaya ya san ruwa. Ya dube shi, ya ce a hankali, "Nan babu kifi. Mu matsa wajen ciyawar can."

Mai jirgin ya karkace bakinsa, ya ja murya irin ta Yaya: "Na-an baa-bu kii-fi." Sannan ya ce, "To Alhaji, tunda kai ka san ruwa, amshi sandar ka tuƙa mu."

Na ji jikina ya ɗau zafi. Amma muna tsakiyar ruwa, ni ban iya iyo ba, ga marar lafiya. Na haɗiye, na roƙe shi ya matsa da mu. Ya matsa yana guna-guni.

Mun fi awa a gefen ciyawar nan. Can sai zaren Yaya ya miƙe, sandar fatsar ta lanƙwashe. Tarwaɗa ce babba. Yaya ya dafe gindin sandar da cinyarsa, yana ja da hagu, fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun da ya kwanta. Na miƙa hannu zan taimaka, ya ce, "Bar ni." Na bar shi. Kifin ya zo har gefen jirgi, muna ganin gashin bakinsa. Sai mutumin nan ya tsallako, ya fizge sandar, ya ce, "Kawo nan, tsoho, kada ka sa shi kuɓuce." Ya ɗaga kifin ya jefa cikin jirgi. Yaya ya bi hannun mutumin da kallo. Da aka sake ba shi sandar, sai ya ajiye ta a gefe.

Da muka fito gaɓa, mai jirgin ya kwashe labari ya ba mutanen da ke wurin, har yana karkaɗa hannu yana gwada yadda Yaya ya yi. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo cikin masuntan ya kau da kai. Na biya kuɗin jirgi. Mutumin ya matso yana murmushi, ya ce, "Malam, tukuici fa? Ai kun ga kifi."

Na ba shi. Har yau ban san abin da ya kai hannuna aljihu ba, ko idon jama'a ne, ko sabo. Na ba shi, Yaya yana kallo.

Mun wuce rabin hanya kafin ya yi magana a bayana. Ya ce, "Har da tukuici." Bai ƙara ba. Kafin damina ta gaba ta ƙare Allah ya karɓi abinsa.

Mutane sun zalunce ni a rayuwa na manta. Wannan kam ya zauna mini a ƙirji. Wani lokaci ina gaban allo ina koyarwa sai in ji muryar nan tana jan "baa-bu", alli ya tsaya a hannuna.

Bayan shekara biyu shugaban makarantarmu zai yi ritaya, malamai suka ce a shirya masa ɗan yawon shaƙatawa, aka ɗora mini shirin. Na ce mu je kamun kifi, na san wuri. Tun ana saura mako na sayi yadin shadda biyu da kuɗina, na ninke su a jaka.

Muka iske su ukun nan dai. Muka ɗauki jiragen duka, ni na shiga na dogon. Bai gane ni ba. Ganin mutane masu manyan riguna, sai ladabi ya zo masa, ranka-ya-daɗe a kowace magana. Na sa ya tuƙa mu har ƙarshen tafkin, muka isa na ce a'a, mu koma tsakiya, daga nan na ce can gefen ya fi. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ci gaba da murmushi, yana satar kallon jakata.

Da la'asar muka fito. Na biya kowa kuɗin jirginsa cif. Sannan na buɗe jaka a gaban kowa, na ba dattijon nan shadda da kuɗi a kai, na ba ɗayan ma haka. Na ja zif na rufe.

Dogon ya yi tsaye yana murza hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa?"

Na ce, "Kai ka amshi naka tuni. Ka tuna mutumin da hannunai ka rawa, wanda ka fizge ma sanda?"

Ya yi tunani, ya ce, "Wallahi Malam ban tuna ba. Mutane da yawa nika ɗauka."

Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ba da labarin tun daga tana har zuwa gaɓa, da ƙarfi, ban rage komai ba. Dattijon ya ce, "An yi haka. Ina nan." Na ce, "Yayana ne. Ya rasu."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙansa. Shugaban makarantarmu ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, a yi haƙuri, mutumin ya wahala yau. Ba shi ko kaɗan ne." Na ce masa a yau ko mene ne ya umarce ni zan yi, ban da wannan. Ya sa hannu a nasa aljihun, na riƙe hannun, na roƙe shi don Allah kada ya ɓata mini. Ya dube ni, ya fasa.

Da na ba matar Yaya labari, ta yi kuka, sannan ta tambaye ni ko mutane da yawa sun ji. Na ce sun ji. Limamin unguwarmu kuwa ya kira ni ya yi mini nasiha a kan yafiya. Na ce na ji, na gode.

Tun daga nan duk bayan kaka sai na je tafkin, in shiga jirgin dattijon, in ba shi tukuici a inda dogon zai gani. In ya yi sallama ina amsawa, don wajibi ne, ba na ƙara ko kalma. Bana da na je ban same shi ba. Aka ce ya mai da jirginsa wani mashigi can gaba. Na tambayi dattijon ko babur yana iya kaiwa can, ya ce yana kaiwa, ya kwatanta mini hanya.